Gwaggo Ta Yi Wa Taya Nauyi

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Ni ba mai magana ba ce, ko baƙo ya yi sallama ɗaki nake shigewa, kuma karatuna bai wuce firamare ba. Ga shi mutumin da zan ba da labarinsa yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, a gidansa nake ci nake kwana. Amma na ji shi da kunnena yana gaya wa masu zuwa dubiya cewa babu abin da bai yi wa Gwaggo ba, su kuma suna ta sa masa albarka. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da ya yi ɗin, tunda yana so a sani.

Gwaggo yayar babanmu ce, ita ta riƙe mu. Tana da ciwon zuciya, duk wata ana kai ta asibiti likita ya duba ta, ya rubuta mata wasu ƙwayoyi masu sa ta yawan zagayawa. Da Yaya zai sayi mota, da sunanta ya saya. Ya ce ya gaji da ganin tsohuwarsa tana tsaye a bakin titi tana ɗaga wa tasi hannu. Motar irin mai haɗa fetur da batir ce, in tana tafiya a hankali ba ka jin ƙararta, sai dai ka waiga ka gan ta a bayanka. Ranar farko Gwaggo ta sa mata suna Munafuka, sunan kuma ya bi ta.

Da farko Munafuka ta yi aikinta. Ranar asibiti Gwaggo za ta shige baya ta baje, ni in zauna gefenta riƙe da jaka, mu je mu dawo lafiya. Abin ya lalace ne daga wajen wankin mota, inda Yaya yake zama da abokansa. Wani a cikinsu ya ce motar ta yi kyau, amma ƙafafunta kamar na baro. Yaya ya dawo gida bai ci abinci ba. Ya zagaya motar ya fi sau nawa, yana tsugunawa yana leƙe. Ba a jima ba ya kai ta wurin mai taya, aka cire wili huɗun da ta zo da su, wato ƙarafan da taya ke zama a kai, aka sa mata wasu manya masu ƙyalli. Tayar da aka ɗora musu kuwa siririya ce, kaurinta bai fi na silifas ɗin banɗaki ba.

Ya kira mu duka mu fito mu gani. Anti, matarsa, ta ce ma sha Allah. Gwaggo ta dafa bango ta daɗe tana kallo.

"Babana," ta ce, don haka take kiransa, "awarwaro ka saya mata? To ina tayar, ko sai an ƙara biya za su kawo?"

Yaya ya yi dariya ya ce ita ba za ta gane ba, yanzu haka ake yayi.

Ranar asibiti ta zo. Gwaggo ta shiga baya kamar kullum. Muna hawa tudun nan da ake yi a titi don rage gudu, sai muka ji ƙurrr daga ƙarƙashinta. Yaya ya taka birki har goshina ya bugi kujera. Ya fita da fararen kayansa ya durƙusa a ƙasa yana shafa taya da yatsa. Ashe sabon wilin ya cika wurin, in baya ta yi ƙasa kaɗan sai tayar ta gogi jikin mota. Ya sami wani ɗan kwarzane a gefenta, ya tsaya yana kallonsa kamar an mari ɗansa. A nan tsaye ya kira mai taya. Ina jin muryar mutumin ta waya yana cewa tayar ba ta da laifi, yallaɓai, irinta manya ke sawa, a dai riƙa rage lodi a baya.

Yaya ya leƙo ta taga ya dubi Gwaggo. Ita ma ta dube shi.

"Ni ce lodin?" ta ce.

Ya ce ba haka yake nufi ba. Ya mai da ita gaba, ni na zauna a baya. A gaban ma, duk ya karya kwana sai mu ji ƙurrr. Haka muka isa asibiti yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, masu babur suna zaginsa. Daga wannan rana Gwaggo ta yi watanni ba ta sake ganin likitanta ba.

Akwai wani ɗan allo a gaban direba da ke nuna yadda motar ke shan mai. Da can Yaya yana ɗaukar hotonsa yana tura wa mutane, don su ga motarsa ba ta shan komai. Tunda aka sa manyan wili sai ta buɗe maƙogwaro. Ko shi kaɗai ne a ciki sha take yi, na gani da idona ranar da ya aike ni ɗauko masa caja a cikin motar. Amma ya ce tun ranar da Gwaggo ta danne ta ne ba ta koma daidai ba. Ya ce batirin a ƙarƙashin kujerar baya yake, kuma batir ba ya son a zauna masa. Gwaggo ta ce to a ba shi haƙuri, ba ta san da mutum a wurin ba.

Bayan kwana biyu ya shigo da sikeli a kwali. Ya ajiye a tsakar falo, ya ce duk don lafiyar Gwaggo ne, ƙiba ita ce uwar cututtuka, ya karanta a waya. Ya sa ta hau, ni da Anti muna riƙe da hannayenta. Ya duba, ya girgiza kai, ya faɗi nauyin da yake so ta sauko kafin ranar asibiti ta gaba. In ta kai, mota a shirye take. Daga ranar Anti ta karɓi aikin zuba mata abinci. Aka janye burodi, aka janye sukari a shayi. Shinkafa ludayi ɗaya, sai kabeji da kokwamba a gefe, tuli guda. Gwaggo ta ce tun da take ba ta taɓa sanin ita zomo ba ce sai da ta tsufa.

Ni nakan ɓoye mata rabin nawa a ƙarƙashin mayafi in kai mata ɗaki. Da farko tana ci tana yi mini addu'ar miji marar mota. Daga baya ko na kai sai ta ce cikinta a cike yake, alhali ba ta ci komai ba.

Ranar asibiti ta zagayo, aka hau sikeli. Maimakon ta ragu, ƙaruwa ta yi. Yaya ya dubi Anti, Anti ta dube ni, ni na dubi ƙasa. Ya ce akwai mai yi masa zagon ƙasa a gidan nan. Ya ce a bari sai wani mako. Gwaggo ta ce to a tsayar mata da tasi, ita da Auta sa je, ni ke nan. Nan Yaya ya ɓata rai da gaske. Ya ce so take a zage shi a unguwa? Ga mota irin wannan a ƙofar gida, kowa na tsayawa kallo, sannan a ga uwarsa a cikin tasi? Ya ce muddin yana raye ba za ta sake shiga motar haya ba, ya ɗauki wannan alkawari tun ranar da ya sayi mota. Har idonsa ya kawo ruwa da yana faɗi. Gwaggo ta ce Allah ya yi masa albarka, ta koma ɗaki tana dafa bango.

Ƙwayoyinta suka ƙare. Na gaya wa Anti, Anti ta gaya wa Yaya. Ya ce irin waɗannan magunguna ba a sayensu da ka, sai likita ya gani, kuma gaskiyarsa ne. Sai ya kawo mata shayin rage ƙiba mai hoton wata siririyar mata a kwalin. Gwaggo ta juya kwalin ta ce yarinyar nan ai ita ya kamata a kai asibiti.

A cikin kwanakin ne ina shara a ƙofar gida, na ga Munafuka ta lallaɓo za ta wuce da Yaya da abokansa, za su kallon ƙwallo. Mutum uku a baya, kowanne ya yi biyun Gwaggo, har da wanda suke kira Tanki. Tayar tana ta ƙurrr, ƙurrr, su kuma suna ta shewa. Da ya dawo sai na gaya wa Anti, ita ta tambaye shi wajen cin abinci. Ya ce ba ɗaya ba ne. Su nauyinsu a rabe yake, ɗaya dama ɗaya hagu ɗaya tsakiya, motar tana zama daidai. Gwaggo kuwa gefe ɗaya take dannewa. Kuma Tanki shi ya haɗa shi da mai taya, ba zai ce masa sauka ba. Anti ta ce haka ne kuma, ta ƙara masa miya.

Gwaggo ta ci gaba da ƙaruwa. Silifas ɗinta suka daina shiga, ta koma sa na Yaya na wanka. Zoben da ke hannunta ya nutse cikin yatsa, sai da muka sa sabulu da zare muka fitar da shi tana cije leɓe. In na danna ƙaurinta da yatsa sai wurin ya lotsa, ya daɗe bai taso ba. Na nuna wa Yaya. Ya danna da kansa, ya ce kitse ne ya fara laushi, alamar shayin yana aiki ke nan. Fuskarta kuwa ta zabge, wuyanta duk jijiya. Sama tana ramewa, ƙasa tana cika.

Daga nan ta daina iya kwanciya. In ta miƙe sai numfashi ya tsaya mata a wuya, don haka a zaune take barci, na jera mata filo a baya. Daga ɗaki zuwa banɗaki sai ta huta a hanya. Duk da haka ranar hawa sikeli ba ta fashi. Yaya zai kawo shi har bakin gadonta, mu ɗaga ta, ya duba, ya yi tsaki a hankali, ya ce, "Gwaggo, ki taimake ni mana." Ita kuma ta ce tana ƙoƙari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda take kare shi. Wata ƙawarta ta zo gaishe ta, ta ga ƙafafun, ta riƙe baki ta tambaya ko ana zuwa asibiti. Gwaggo ta ce ana zuwa mana, ɗanta har mota ya saya saboda ita, ba ta gan ta a waje ba? Da matar ta tafi na zauna ina kallonta. Ta ce in daina zare mata ido, so nake ta ce wa duniya taya ta fi ta? Tun daga ranar ban sake jin ta kira motar Munafuka ba. Ta daina ba'a gaba ɗaya. Gidan ya yi shiru, sai ƙarar numfashinta kamar ana jan tsumma a kan siminti.

Ran nan da rana tsaka ina wanke-wanke na ji kofi ya faɗi a ɗakinta. Na same ta ta dafe ƙirji, bakinta a buɗe, leɓɓanta sun canza launi. Anti ta kira Yaya. Yana wurin mai taya, an ɗage motar ana saita mata ƙafa, don tun da aka sa wilin take ja gefe. Ya ce a ba ta ruwan ɗumi, a yi mata fifita, yanzu za a sauke motar. Anti ta tsaya da waya a hannu tana kallon Gwaggo. Sai ta jefar da wayar a kujera, ta fita ko mayafi babu, ta buga ƙofar maƙwabcinmu mai sayar da gas. Wannan kam zan yaba mata shi har gobe.

Mai gas ya kawo a-kori-kurarsa har bakin ƙofa. Shi da Anti da ni muka cicciɓi Gwaggo muka sa ta a gaba. Anti ta matse kusa da ita, ni na hau baya cikin tukwanen gas ina riƙe da ƙarfe. Duk ramin da ke hanyar sai da ya faɗa, ko waiwayen taya bai yi ba.

A asibiti aka sa mata abin numfashi, aka yi mata allurai, aka sa mata robar fitsari. Likitan mace ce, ba ta da yawan magana. Ta duba katin Gwaggo ta tambayi inda muka shiga duk watannin nan. Lokacin Yaya ya iso, hannunsa da baƙin taya. Ya ce an sami matsalar abin hawa ne, amma ya sa ta a tsarin rage ƙiba a gida. Likita ta ɗago ta dube shi.

"Wace ƙiba? Ruwa ne. Zuciyarta ta kasa, ruwa ya taru har ya hau huhu. Matar nan yunwa ma take ji."

Yaya ya ce ai shi ma abin da yake zargi ke nan.

Cikin 'yan kwanaki ruwan ya sauka. Ina zaune ina kallon jakar da ke rataye a gefen gado tana cika ana zubarwa. Ƙafafun Gwaggo suka dawo nata, fata ta yi yaushi kamar rigar aro. Ta fara cin abinci, ta fara tsokanar nas-nas. A nan ne Yaya yake tsayawa a bakin ɗaki yana karɓar masu dubiya, yana ba su labarin sikeli da shayi da irin kuɗin da kabeji ya yi.

Ranar sallama likita ta ce lallai a dawo da ita mako mai zuwa, za a duba ko maganin ya zauna mata, kada a kuskura a tsallake. Ta faɗa wa Yaya, sannan ta juyo ta sake faɗa mini, ni kaɗai. Yaya ya kawo Munafuka har ƙofar asibiti. Gwaggo ta shiga baya. Da muka zo tudun nan sai ya kashe rediyo, ya ɗaga yatsa kowa ya yi shiru. Muka hau muka sauka, babu ƙurrr. Ya bugi sitiyari don murna.

"Kun ji ko? Dama abin da nake ta faɗa ke nan. Nauyi ne kawai."

Gwaggo tana kallon waje ta taga.

Ana gobe za mu koma, da yamma, Yaya ya dawo da motar. Tun daga nesa na ga ta canza, cikinta ya kusa taɓa ƙasa kamar kaza a kan ƙwai. Tanki ne ya ce masa manyan wili ba sa fitowa sosai sai an sauke mota, an rufe ratar da ke tsakanin taya da jiki. Shi ne aka canza mata sifirin, wato ƙarafan da ke ɗauke da jikinta, aka sa gajeru. Yanzu ko yatsana ba zai shiga ratar ba. Ya shigo falo yana ta yin fito, ya jawo sikeli daga ƙarƙashin kujera ya ce Gwaggo ta hau. Ta hau da kanta. Ya duba ya ce ta yi ƙoƙari ƙwarai, saura kaɗan. Amma gobe kam a bari, yana so sababbin sifirin su zauna tukuna, in ya so wani mako sai a je. Ya ce ai ta warke, ga ta nan har da tsayuwa.

Gwaggo ta sauka daga sikelin ta ce to, Babana.

Ni dai ban yi karatu ba, amma na gane lissafin. Duk yadda Gwaggo ta rage, motar za ta ƙara sauka ta same ta. Yaya bai taɓa zagin Gwaggo ba, bai taɓa ɗaga mata murya ba, in an ambaci sunanta a waje har hawaye yake yi. Da za a ce masa ya zaɓa tsakaninta da taya, zai rantse ita ya zaɓa, kuma har zuciyarsa haka ya ɗauka. Amma babu wanda ya taɓa ce masa ya zaɓa. Kullum cewa ake a bari sai wani mako, mu kuma mu ce to. Taya in ta kwarzane yana gani nan take, har ya durƙusa mata. Gwaggo ta yi watanni tana nutsewa a gabansa, shi yana duban lambar da ke tsakanin ƙafafunta.

Washegari da safe na sa hijabina, na ɗauki ɗan abin da nake samu a kitso, na fita bakin titi ni kaɗai. Tasi biyu suka wuce ban iya ɗaga hannu ba. Ta uku na ɗaga. Tsohuwar mota ce, fentinta ya ƙoƙe, tayoyinta manya baƙaƙe ba ƙyalli ko kaɗan. Na gaya wa direban akwai marar lafiya, sai ya shiga layi. Na sa shi ya tsaya daidai ƙofar gidanmu, a bayan Munafuka, inda kowa zai gani.

Yaya yana tsugune da tsumma yana goge wili. Ya miƙe ya ce, "Auta, mene ne haka?" Na wuce shi na shiga. Na sa wa Gwaggo silifas ɗinta, na ɗauki jaka da kati, na riƙo ta muka fito. Anti ce ta riƙe mana ƙyaure. Yaya ya biyo mu yana magana ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji, yana cewa mu bari ya ɗauko makulli, ai za a san yadda za a yi. Gwaggo ta tsaya ta dube shi, ta dubi motarsa, sannan ta sunkuya ta shiga tasin. Ta zauna a ɗosane, rabin jikinta a sama, hannunta a kan kujerar gaba.

"Ɗan nan," ta ce wa direban, "ban yi maka nauyi ba ko?"

Direban ya waiwayo ya dube ta.

"Mama, jiya injin niƙa na ɗauka a wurin nan. Ki zauna da kyau."

Ta saki jikinta gaba ɗaya, har kujerar ta yi ƙara. Na shiga kusa da ita, na ja ƙofa na rufe, na ce masa mu je asibiti.